Seleniyam a Abincin Doki: Inda Yake Taimakon Garkuwar Jiki da Inda Yake Zama Guba

Seleniyam yana cikin rukunin ma'adinan da jikin dabba yake bukata kaɗan ƙwarai, waɗanda masana abincin dabbobi suke aunawa da miligiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram. Doki mai nauyin kilo 500 wanda ba ya aikin wahala yana bukatar kimanin miligiram 1 a yini, bisa ƙiyasin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a littafinta na bukatun abincin dawakai a shekarar 2007, kuma wannan adadi ya yi daidai da miligiram 0.1 a kowane kilo na busasshen abinci. Duk da ƙanƙantar wannan adadi, rashinsa yana iya kashe dukushi cikin kwanakin farko na rayuwarsa, yawansa kuma yana tsinke geza da wutsiya, ya tsattsage kofato, ko ya kayar da ƙaƙƙarfan ingarma cikin 'yan sa'o'i. Kamfanonin da ke haɗa abinci da magungunan dawakai suna tallata shi a matsayin abin da ke ƙarfafa garkuwar jiki, don haka ya dace mai doki ya san iyakar gaskiyar wannan magana kafin ya saya.

Masanin kimiyyar sinadarai na ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano wannan ma'adini a shekarar 1817 cikin tukar da ta rage a wata masana'antar ruwan batir, kuma an shafe shekaru 140 bayan haka ba a san shi da wani amfani a jikin dabba ba. Dawakai ne ma suka fara nuna illarsa. A shekarar 1856 wani likitan sojan Amurka mai suna T. C. Madison, wanda yake aiki a sansanin Fort Randall da ke bakin kogin Misuri, ya bayyana wata cuta da ta kama dawakan sojoji bayan sun yi kiwo a wajen, inda gashin geza da na wutsiya ya riƙa zubewa, kofatai suka yi ciwo har wasu dawakan suka kasa tsayuwa su ci ciyawa. Manoma da makiyayan da suka zauna a yankin daga baya sun riƙa ɗora laifin a kan ruwan zartsi da dabbobinsu ke sha, sai a farkon shekarun 1930 ne masu bincike a jihar Dakota ta Kudu, ciki har da Kurt Franke, suka tabbatar da cewa matsalar tana cikin ciyawa da hatsin da suka tsiro a ƙasa mai yawan seleniyam.

Fahimtar ta sauya a shekarar 1957, lokacin da Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin seleniyam yana hana ruɓewar hanta a jikin ɓerayen gwaji, shekara guda bayan haka kuma masu bincike a jihar Oregon suka nuna cewa yana hana cutar farar tsoka a 'ya'yan tumaki. Dalilin hakan bai fito fili ba sai a 1973, sa'ad da John Rotruck da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano cewa seleniyam wani ɓangare ne na ginin wani inzayim da ake kira gulutatayon feroksides. Inzayim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta aikin sinadarai a cikin jiki, kuma wannan na musamman ba ya aiki in babu seleniyam a cikinsa. Daga baya an gano wasu furotin da dama masu irin wannan gini, waɗanda a jikin ɗan Adam suka kai 25, wasunsu kuma su ne ke mayar da sinadarin da halittar maƙogwaro ke fitarwa, wato wadda kumburinta ke haifar da maƙoƙo, zuwa siffar da jiki yake iya amfani da ita.

Aikin wannan inzayim yana da nasaba da numfashi kansa. Kowace ƙwayar halitta a jikin doki tana ƙona abinci da iskar oksijin domin ta samu ƙarfi, kuma a cikin wannan ƙonawa ana samun ragowar sinadarai masu zafin kai da ke cin bangon ƙwayar halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfen linzamin da aka bari a danshi. Dokin da ke sukuwa ko wasan ƙwallon dawaki yana shaƙar iskar da ta ninka ta lokacin hutunsa sau da yawa, saboda haka tsokarsa tana fitar da waɗannan sinadarai fiye da ta dokin da ke ɗaure a turke. Jiki yana kare kansa ta hanyoyi da dama, biyu daga ciki suna tafiya tare: bitamin E yana zaune cikin kitsen da aka gina bangon ƙwayar halitta da shi, yana tare ɓarnar tun daga can, inzayim mai seleniyam kuma yana cikin ruwan ƙwayar, yana mayar da sinadaran masu cutarwa su zama ruwa ko wani abu marar lahani. Wannan haɗin gwiwa shi ya sa wadatar ɗaya take rufe ƙarancin ɗaya zuwa wani mataki, shi ya sa kuma cuta ta fi tsanani idan an rasa su duka biyun.

Garkuwar jiki tana shiga maganar ne ta wajen fararen ƙwayoyin jini. Wani nau'insu da ake kira niyutrofil, wanda shi ne farkon isa wurin rauni, yana haɗiye ƙwayar cuta sannan ya watsa mata irin waɗancan sinadarai masu zafin kai da gangan domin ya kashe ta, kuma idan ba shi da isasshen inzayim mai seleniyam, makamin nasa yana lahanta shi tun kafin ya gama aikin. Wani nau'in kuma, limfosait, dole ya hayayyafa da sauri a duk lokacin da cuta ta shigo ko aka yi allurar rigakafi, wasu daga cikin 'ya'yansa su ƙera antibodi, wato furotin da ke gane takamaiman ƙwayar cuta ya manne mata, wasu kuma su farauci ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shiga. Shaida mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga shanu da ɓeraye. An nuna cewa niyutrofil na shanun da suka rasa seleniyam yana haɗiye ƙwayar cuta amma yana gazawa wajen kashe ta, kuma a jihar Ohio an nuna a shekarar 1984 cewa bitamin E da seleniyam suna rage yawa da tsawon ciwon hantsa a shanun madara. A shekarun 1990 Melinda Beck ta nuna wani abu mai ban mamaki a jikin ɓeraye, cewa ƙwayar bairos marar lahani tana iya sauya halittarta ta zama mai cin zuciya idan ta ratsa jikin da ya rasa seleniyam. Sai dai doki ba saniya ba ne, ba ɓera ba ne kuma, kuma tallace-tallace da yawa suna ɗauko sakamakon waɗannan dabbobi su jingina wa doki ba tare da faɗin asalinsa ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawakai kansu 'yan kaɗan ne, galibi kuma da dabbobi ƙalilan, saboda tsadar ajiye doki watanni a kan abinci guda. A ƙasar Norwe, Baalsrud da Øvernes sun wallafa a 1986 cewa dawakan da aka ƙara wa bitamin E, ko bitamin E tare da seleniyam, sun samar da antibodi mai yawa bayan an yi musu rigakafin cutar sarƙe-haƙora da na murar dawakai, fiye da waɗanda aka bari a kan abinci mai ƙarancin sinadaran biyu. A 1990 Knight da Tyznik na Jami'ar Jihar Ohio sun yi wa ƙananan dawakai allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, wanda baƙon abu ne da jikin doki zai yaƙa, suka ga waɗanda ake ƙara wa seleniyam sun fi samar da antibodi. A duka biyun, abin da aka kwatanta shi ne dabbar da ta rasa da dabbar da aka cike mata gurbi, kuma wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar batun gaba ɗaya.

Gwajin da ya fi tsari shi ne wanda Mieke Brummer da Laurie Lawrence da abokan aikinsu suka gudanar a Jami'ar Kentaki, aka wallafa a 2013. Sun raba manyan dawakai 28 gida huɗu. Gida uku sun shafe mako 35 a kan abinci mai seleniyam miligiram 0.06 a kilo domin a rage abin da jikinsu ya tara, gida na huɗu kuma yana cin mai 0.12, wato isasshe. Bayan haka, na tsawon mako 29, aka ɗaga abincin gida biyu daga cikin ukun zuwa 0.3, ɗaya da seleniyam na gishirin ma'adini ɗaya da na yis, aka bar na uku a cikin ƙaranci. Kusa da ƙarshen wannan zango aka yi wa dawakan allurar furotin na farin ƙwai, wanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da shi ta wannan hanya ba, da kuma rigakafin mura. Seleniyam da inzayim ɗinsa sun ƙaru sosai a jinin gidaje biyun da aka ƙara musu, amma yawan antibodi bai bambanta tsakanin gidajen huɗu ba, haka ma hayayyafar limfosait. Inda aka ga bambanci shi ne a sinadaran saƙo, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ke aika wa junansu domin tsara yaƙi da cuta: alamar samar da wasunsu ta yi ƙasa a dawakan da aka bari cikin ƙaranci idan an kwatanta da sauran.

Hukuncin da ya dace da waɗannan sakamako bai kai yadda 'yan kasuwa suke so ba. Ƙarancin seleniyam yana raunana wasu sassa na garkuwar doki, kuma gyara shi yana dawo da su yadda suke. Amma dokin da ya riga ya samu isasshe, ƙara masa ninki biyu ko uku yana ɗaga adadin da ke cikin jininsa ne, ba tare da an ga rigakafi ya fi kama shi ba. Har ila yau, auna antibodi ko sinadaran saƙo a ɗakin gwaji daban yake da ƙidaya dawakan da suka kamu da cuta ko suka mutu a barga, kuma gwaje-gwajen dawakan da aka ambata, na farkon ne kawai suka auna.

Inda seleniyam ya fi cancantar kulawa shi ne tsakanin goɗiya da ɗanta. Mabiyiyar goɗiya tana da kauri ta yadda antibodi na uwa ba ya ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki tsawon kusan wata 11 na goyon ciki, don haka dukushi yana faɗowa duniya kusan ba shi da kariya, ya dogara kacokan ga dakashi, wato nonon farko mai kauri. Hanjinsa yana iya tsotse antibodi ne kawai a sa'o'in farko, ƙofar tana raguwa bayan kimanin sa'a 12, tana rufewa wajen sa'a 24. Dukushin da aka haifa da ƙarancin seleniyam yana iya zuwa da cutar farar tsoka, inda naman jikinsa yake lalacewa ya koɗe: ba ya iya miƙewa da sauri, tsokar harshe da ta maƙogwaro ba sa iya tsotso da haɗiya, nono yana fitowa ta hanci ko ya zarce huhu ya haifar da ciwon huhu, fitsari yana yin duhu, idan kuma cutar ta taɓa zuciya yana iya mutuwa farat ɗaya. A nan alaƙar seleniyam da garkuwar jiki ba ta bukatar dogon bayani na sinadarai, domin ɗan da bai iya shan dakashi a ranar farko ba, yakan rasa kariyar da zai rayu da ita a makonnin farko. Maganin abin yana wajen uwa, a watannin ƙarshe na ciki, kuma an sha nunawa cewa seleniyam na yis ya fi na gishirin ma'adini shiga dakashi da nono.

Ko doki zai samu isasshe ko ba zai samu ba, ƙasar da abincinsa ya tsiro a kai ce take yanke hukunci, domin yawancin tsirrai ba sa bukatar seleniyam, suna ɗauka ne gwargwadon abin da saiwarsu ta tarar. Ƙasa mai tsami da ruwan sama ya wanke tana riƙe shi a siffar da tsiro ba ya iya zuƙa, busasshiyar ƙasa mai kanwa-kanwa kuma tana sakinsa cikin sauƙi, takin da ke da farar wuta da yawa yana rage abin da tsiro yake ɗauka saboda sinadaran biyu suna bin hanya ɗaya zuwa cikin saiwa. An san ƙarancinsa a arewa maso yamma da arewa maso gabashin Amurka, da Niyu Zilan, da ƙasashen arewacin Turai, da wani dogon yanki na ƙasar Sin, a Afirka kuma an tabbatar da shi a jikin mutane a sassa da yawa na Malawi. Ƙasar Finlan ta ɗauki matakin zuba shi cikin takin zamani tun daga 1984 domin ya shiga abincin mutane da na dabbobi. A ɗaya ɓangaren, jihohin Dakota ta Kudu da Wyoming da Nebraska suna da ƙasa mai yawansa, inda wasu tsirrai na musamman suke tara dubban miligiram a kowane kilo. Gonaki biyu a gunduma ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, don haka taswira ba ta wadatar da mai barga.

Guba ta hankali tana bayyana idan doki ya shafe makonni ko watanni yana cin abincin da seleniyam ɗinsa ya haura kimanin miligiram 5 a kilo. Gashi da kofato an gina su da wani furotin da ƙarfinsa ya dogara ga farar wuta, seleniyam kuma yana shiga gurbinta ya raunana ginin, shi ya sa geza da wutsiya suke tsinkewa, tsaga ta zagaye kofato daga sama, doki ya yi ɗingishi, a wasu lokuta kofaton ya kwaɓe gaba ɗaya. Ko an janye abincin nan take, sabon kofato yana ɗaukar wata 9 zuwa 12 kafin ya sauko ƙasa. Saboda wannan haɗari ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade ƙarin seleniyam a cikakken abincin shanu da tumaki da kaji a kan miligiram 0.3 a kilo, Tarayyar Turai kuma ta sa iyakar jimillarsa a kan 0.5. Dokin da ke cin kilo 10 a yini a kan ma'aunin 0.3 yana samun miligiram 3, kuma wannan shi ne adadin da masana abincin dawakai da yawa suke ɗauka a matsayin wadatacce ko ga dokin da ke aiki tuƙuru.

Guba ta gaggawa kuwa galibi ta hanyar allura take zuwa. A ranar 19 ga Afrilu, 2009, dawakai 21 na ƙungiyar ƙwallon dawaki ta Lechuza Caracas, mallakar wani attajirin ƙasar Benezuwela, sun mutu a garin Wellington na jihar Fulorida, wasunsu suna faɗuwa tun ana sauke su daga mota gab da wasansu a gasar ƙwallon dawaki ta Amurka. Binciken hukumomin jihar ya tabbatar da cewa an yi musu allurar wani haɗin bitamin da ma'adinai, wanda wani kantin haɗa magunguna ya yi kuskuren ma'auni ya zuba masa seleniyam fiye da kima. Lafiyayyun dawakai ne masu tsada, a hannun ƙwararrun masu kula, kuma an yi musu allurar ne domin su ƙara kuzari. Babu wani makari na musamman ga wannan guba, abin da likita ke iyawa shi ne tallafa wa numfashi da jini. Ko allurar bitamin E da seleniyam da aka haɗa daidai, an san tana tayar da mummunan borin jini a jikin wasu dawakai, wanda kan kai ga mutuwa, musamman idan an zura ta cikin jijiya.

Darasin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda ake kiwon doki domin hawan salla da sukuwa da ƙwallon dawaki a Kano da Katsina da Kaduna da Zariya da Damagaram, kuma inda ake samun allurai da garin bitamin a shagunan magungunan dabbobi. Dokin barga a wannan yanki yana shafe dogon rani a kan harawar wake da ta gyaɗa da ingirici da dusa da gero ko dawa, kuma bitamin E, wanda ɗanyar ciyawa ke da shi da yawa, yana raguwa sosai a busasshen abincin da ya daɗe a ajiye, don haka ƙarshen rani lokaci ne da ya kamata a yi tunanin sinadaran biyu tare. Akwai kuma batun nauyi: ma'aunin da ke jikin yawancin kayan da ake shigowa da su an lissafa shi ne a kan doki mai kilo 500, alhali dawakan gida galibi ba su kai haka ba. Haɗarin da ya fi yawa shi ne na tarawa, inda ake ba doki haɗaɗɗen abincin kamfani mai seleniyam, a barbaɗa masa garin ma'adinai, a ajiye masa dutsen lasa, sannan a yi masa allura ana gobe hawa, kowanne daidai yake shi kaɗai amma jimillarsu ba wanda ya lissafa. Annobar murar dawakai da ta ɓulla a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018, aka kuma gan ta a Nijar da wasu ƙasashen yammacin Afirka a 2019 tana kashe dubban jakuna da dawakai, irin cutar ce da rigakafi da killace dabbar da ta kamu suke tarewa, kuma babu adadin seleniyam da zai maye gurbin waɗannan biyun.

Hanyar sanin matsayin doki ita ce gwajin jini, kuma gwajin iri biyu ne. Ruwan jini yana nuna abin da dabbar ta ci a kwanakin baya-bayan nan, cikakken jini kuwa yana nuna na watanni, domin seleniyam yana shiga jajayen ƙwayoyin jini ne lokacin da ake ƙera su a ɓargo, su kuma suna rayuwa kusan wata biyar a jikin doki, saboda haka gwajin da aka maimaita mako biyu bayan sauya abinci ba zai nuna cikakken sauyin ba. Inda gwaji ya yi wuya, abin da ya rage ga shamaki ko mai doki shi ne ya tattara duk abin da ake ba dabbar, ya karanta adadin seleniyam da ke rubuce a jikin kowanne, ya haɗa jimilla tare da likitan dabbobi, ya tabbatar ba ta wuce miligiram 3 a yini ga babban doki ba, ya rage kuma gwargwadon ƙanƙantar dokinsa. Goɗiya mai ciki ita ce ta fi cancantar a kashe kuɗin gwaji a kanta, allurar seleniyam kuma a bar ta a hannun likita, ga dabbar da aka tabbatar tana da ƙaranci.